Bakin Da Ya Ƙi Rufuwa: Tarihin Ciwon Muƙamuƙi

Mai karatu, ɗora jaridar nan bisa gwiwa, don hannuwanka biyu nake so. Sa yatsa ɗaya gaban kowane kunne, daidai inda saje ya soma. To, buɗe baki sannu-sannu. Ka ji wani abu ya mirgina ƙarƙashin yatsanka, ya yi gaba? Rufe bakin. Ka ji ya komo? Wannan ita ce gaɓar muƙamuƙi, inda ƙashin haɓa ya haɗu da ƙoƙon kai. Da ita kake tauna, da ita kake magana, da ita kake dariya. Ba ka tuna ta sai ranar da ta ƙi.

Ni ma ban taɓa tuna ta ba sai wani dare nan Kalley, saura kwana uku Salla. Akwai wani tela maƙwabcinmu, shagonsa bai da nisa da Babbar Kasuwa. Ya yi kwana biyu bai runtsa ba saboda ɗinkin mutane. Can tsakar dare ya yi wata doguwar hamma, sai baki ya tsaya a buɗe. Haɓa ta turo gaba, miyau na zuba bisa rigar da yake ɗinki, magana ta gagara sai gurnani. Kafin ka ce me, shago ya cika. Wannan ya ce iska ce ta buge shi. Wancan ya ce sammu ne, ai telan da ke tsallaken hanya ya daɗe yana jin haushinsa. Aka kawo garwashi aka yi turare. Aka kawo rubutu, amma ina bakin sha?

Sai aka taso wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan likita da ya yi ritaya. Tambaya biyu kaɗai ya yi: ya faɗi? An buge shi? Aka ce a'a, hamma ce. Ya wanke hannu, ya naɗe manyan yatsunsa biyu da ƙyalle mai tsabta, ya zaunar da tela bisa ƴar kujera, ƙeya jingine da bango. Ya sa yatsun nan bisa turamen haƙoran ƙasa, sauran yatsu suka tallabi haɓa. Ya danna ƙasa a hankali, ya daɗe yana dannawa, sa'an nan ya tura baya. Muka ji ƙwas! Baki ya rufu. Abin da tela ya fara cewa shi ne a ɗauke rigar nan kada ta ɓaci.

Mutane suka watse suna cewa tsohon nan yana da asiri. Daga baya, da na bi littattafai, na tarar asirin nasa ya girmi Yamai, ya girmi Daura, ya girmi Agadas. Shekarunsa sun haura 3,500.

Ga yadda abin yake. A shekarar 1862 wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya sayi wata tsohuwar takarda a garin Luksor na ƙasar Masar. Irin takardar nan ce da Misirawan dā ke yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, tsawonta ya fi mita 4. An rubuta ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masana sun ce kwafi ce ta wadda ta fi ta tsufa. Sai a 1930 wani malami, James Henry Breasted, ya fitar da fassararta. Ashe littafin likita ne. An jera raunuka 48 a ciki, an soma daga kai ana gangarowa. Kowane rauni an faɗi yadda za a duba shi, da hukuncin da likita zai yanke: ko zai iya warkar da shi, ko zai yi kokawa da shi, ko kuwa ya fi ƙarfinsa.

Na 25 cikin jerin shi ne mutumin da bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa. Marubucin ya ce a sa manyan yatsu cikin baki a ƙarshen ƙashin, hagu da dama, sauran yatsu ƙarƙashin haɓa, a mai da ƙashin mazauninsa. Ya sa wannan cikin ciwon da ake warkarwa. Na 24 kuwa, wanda ƙashin haɓarsa ya karye, ga rauni a buɗe, ga zazzaɓi, ya sa shi cikin wanda ba a iyawa. Ka lura da wannan, mai karatu. Tun wancan zamani sun raba gocewa da karaya. Tambayoyi biyun da dattijon Kalley ya yi, wannan rabewar ce yake nema.

Me ke faruwa a ciki? Gaɓar nan ba kamar ta gwiwar hannu ba ce mai lanƙwasa kawai. Aiki biyu take yi. In ka buɗe baki kaɗan, kan ƙashin juyawa yake a raminsa, kamar ƙyauren ƙofa. In ka ƙara buɗewa, sai ya zame gaba. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifan guringuntsi mai hana su gogar juna, kamar gammo tsakanin kai da tulu. A gaban ramin akwai ɗan tudu. In hamma ta yi yawa, kan ƙashin ya haye tudun nan ya faɗa gabansa, sai naman tauna ya ɗaure tamau, ya riƙe shi can. Shi ya sa duka da turawa da ƙarfi ba su mai da shi. Sai an danna ƙasa ya kuɓuce ma tudun, kana ya koma baya.

Bayan Misirawa sai Girkawa. Cikin littattafan da ake danganawa ga babban likitansu Hippokrates, wanda Larabawa ke kira Abuƙiraɗ, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, an sake bayyana gyaran nan. Har yau likitoci da sunansa suke kiran dabarar, ko da yake Bamisire ya riga shi da shekara fiye da dubu. Abuƙiraɗ ya yi kuskure ɗaya: ya ce in ba a gyara ba, mutum na iya mutuwa cikin kwana goma. Yau an san ba haka ba ne. Amma an san in aka bar shi ya yi makonni, hannu ba ya ƙara mai da shi, sai an sa mutum barci, wani lokaci ma sai da wuƙa.

Daga Girkanci ilmin ya shiga Larabci. Wanda ya fi kowa tsara shi shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi, mutumin Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013. Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne. Kashi na ƙarshe kan aikin hannu yake, wato tsaga da ƙuna da ɗori, har da zanen kayan aikin. A ciki ya yi babi kan karayar muƙamuƙi, ya yi wani kan gocewarsa, ya kuma nuna yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da zaren zinariya. A ƙarni na 12 aka juya shi zuwa Latin a birnin Toledo, makarantun likita na Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi. In wani ya ce maka gyaran ƙashi ilmin Nasara ne, ka ba shi labarin Az-Zahrawi.

A ƙasarmu kuwa aikin ƙashi na maɗora ne, aikin baki na wanzamai, kuma gado ne. Ba na raina su. Kafin a buɗe babban gidan likita na Yamai a 1922, shekara huɗu kafin garin ya zama babban birnin ƙasa, su ne kaɗai madogara. Sai dai hannu ba ya ganin abin da ke cikin nama. Wanda ya faɗo daga moto ko daga bisa mangwaro, haɓa ta daki ƙasa, sau da yawa ba haɓar ke karyewa ba, siririn wuyan ƙashin ne can gaban kunne. Alamarsa, haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗuwa yadda suka saba. Wannan ba na dannawa ba ne, na hoton ƙashi ne, wanda muke ce ma rediyo.

Duk wannan labarin bakin da ya ƙi rufuwa ne. Akwai ɗan'uwansa wanda ya fi shi muni, kuma shi ya fi shafarmu: bakin da ya ƙi buɗuwa.

Lafiyayyen mutum yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, wato santimita 4 zuwa 5. Akwai yaran da ko cokali ba ya shiga bakinsu. Kunu suke tsotsa ta giɓin haƙori, shekara da shekaru. Hanya uku ce ta fi kai yaro ga wannan. Ta farko faɗuwa bisa haɓa, irin wadda na faɗa: jini ya taru cikin gaɓa, ba a kula ba, a hankali ƙashi ya tsiro ya haɗe sama da ƙasa. Ta biyu ruwan kunne mai mugunya da aka bari ya ci har cikin gaɓar. In haka ya samu yaro yana ƙarami, haɓarsa ba ta girma daidai da sauran fuska. Ta uku ita ce cutar da likitoci ke kira noma.

Kada sunan ya ruɗe ka. Ba shi da dangantaka da noman hatsi. Kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ke cinyewa yana yaɗuwa, kamar dabba ta faɗa gona. A Hausa wasu na ce mata zaizayar baki, wasu ciwon iska. Yara ƴan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ga shi ba a wanke masu baki. Daga dasashi take somawa: ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya yi wari ƙwarai. Sai kunci ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya mutu ya zube. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, har tara cikin goma na iya mutuwa. A 1998 ta ƙiyasta yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara. Wanda ya tsira, tabon kan ƙanƙance ya ja muƙamuƙi ya ɗaure shi, wani lokaci har ƙashi ya haɗe. Cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, saboda haka ɓoye shi cikin ɗaki ba ya kare kowa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Turai ma ta sha wannan cuta. Har cikin ƙarni na 19 tana cin ƴaƴan matalauta a Holand da Jamus da Ingila. A 1860 wani likitan Jamus, Friedrich Esmarch, ya buga bayanin dabararsa ta buɗe bakin da tabo ya ɗaure: a yanke ɗan yanki na ƙashin a gaban tabon, a bar wurin ya zama sabuwar gaɓa. Amma ba wuƙa ce ta kori cutar daga Turai ba. Abinci ne, da ruwa mai tsabta, da sabulu. Ta ɓace tun kafin a samo penisilin. Da yunwa ta komo a sansanonin da Jamusawa suka tsare mutane lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Auschwitz da Bergen-Belsen, sai ga ta ta komo. A ganina wannan ya isa ya kashe zancen iska. Wace irin iska ce ke gudun tukunyar da ke cike?

A nan Nijar, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis, wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980, ta buɗe gidan karɓar yara masu wannan ciwo a Damagaram a 1992. Waɗanda aikinsu ya yi tsanani an riƙa kai su Janeba a yi masu tiyata. Wata ƙungiyar Jamus, Hilfsaktion Noma, da aka kafa a 1994, ita ma ta yi aiki a ƙasar nan, har da nan Yamai. A Sakkwato aka buɗe gidan likita na musamman don wannan cuta a 1999, kuma daga 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shiga taimaka mashi. Sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Ka duba tazarar da ke tsakanin 1860 da 2023.

Tiyatar buɗe baki tana yiwuwa, amma rabin aiki ce. Bayanta sai yaro ya yi watanni yana motsa gaɓar kullum, ana jera mashi ƴan falankan katako tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya-ɗaya. Da zafi. Uwar da tausayi ya sa ta bari, bakin sake rufewa yake. Alhali a kwanakin farko, lokacin da dasashi kawai ke jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wanke baki da ruwan gishiri da aka tafasa sun isa su tsai da ita. Yaro mai warin baki da kumburin kunci ba ya kwana gida. Haka kuma wanda ƙusa ko ƙaya ta soka, bayan kwanaki haƙoransa suka sarƙe, wuya ya sandare. Wannan tetanos ce, ba ciwon gaɓa ba, kuma tana kisa. Bamisiren nan ma ya bayyana irinta a rauni na 7.

Saura kashi na uku, wanda ya fi yawa, kuma shi ne likitoci suka fi yin tuntuɓe a kansa. Ba gocewa, ba ɗaurewa, sai ciwo. Gaban kunne na zogi, tauna na gajiyarwa, gaɓa na ƙara, kai na sarawa daga gefe. Mata sun fi maza samunsa, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Da yawa kunne suke zargi, su yi ta ɗiga mashi magani.

A 1934 wani likitan kunne a birnin Sen Luwis na Amurka, James Costen, ya duba mutum 11 masu irin wannan kuka. Ya ce laifin na haƙora ne: turame sun zube, muƙamuƙi ya nutse, yana danne kunne da jijiyoyi. Zancen ya yi daɗin ji, aka karɓe shi hannu biyu. Shekaru da dama likitocin haƙori na fiƙe ma mutane haƙora, suna ɗora masu wasu, don a daidaita cizo. Wasu sun ji sauƙi, wasu sun ƙara shiga uku. Masana ƙirar jiki kuma suka nuna cewa dannewar da Costen ya faɗa ba haka take ba. Cikin shekarun 1950 Laszlo Schwartz na Jami'ar Kolombiya a New York ya ce a dubi naman tauna, shi ke ciwon a wurin yawancin mutane. A 1969 Daniel Laskin ya ƙara da cewa damuwa na sa mutum ya riƙa datse haƙora da rana, yana gurza su cikin barci, har naman ya gaji.

Da an tsaya nan da an huta. Amma cikin shekarun 1980 wani kamfani a Amurka mai suna Vitek ya fito da faifan roba da za a sa a madadin na guringuntsi. Aka yi ma dubban mutane tiyata, yawancinsu mata. Robar ba ta jure tauna ba. Ta farfashe, jiki ya tashi yaƙi da ɓarɓashinta, yaƙin ya ci ƙashi. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi, kamfanin ya karye, mutane suka saura da ciwon da ya fi wanda ya kai su. Garin gyaran gira an rasa ido. Bayan haka ne, a 1992, masana suka fitar da ƙa'ida ɗaya ta gane ire-iren ciwon, aka sabunta ta a 2014.

To, ina aka kwana? Abin zai ba ka dariya. Bayan duk wannan zagaye, shawarar da manyan likitoci ke bayarwa yau kusan ta kaka ce. A fara da abin da ba ya ɓata kome. Yawancin irin wannan ciwo yana lafawa cikin makonni ko watanni. Ka hutar da gaɓar: kunu, fura, tuwo mai laushi. Ka ɗan rabu da kilishi da rake da aya da cingam, ka bar fasa goro da ƙashi da haƙori. Ka dafa wurin da tsumma mai ɗumi safe da dare. Ka lura da kanka da rana: in ba ci kake ba, leɓe a rufe, amma haƙora kada su taɓa juna. Mai gurza haƙora da dare, likitan haƙori na iya yi mashi wata ƴar roba da zai riƙa sawa in zai kwanta. Maganin zafi irin su parasetamol yana taimakawa in ma'aikacin lafiya ya faɗi yawansa. Tramol na ƴan tebur kuwa, ciwon muƙamuƙi zai tafi ya bar ka da shi. Ƙara kaɗai ba tare da ciwo ba, ɗan faifan nan ne ke tsalle ya koma, ba ta bukatar magani. In kuwa wani ya ce zai cire maka lafiyayyen haƙori ko ya fiƙe shi don ciwon gaɓa, ka nemi ganin wani likitan tukuna.

Abu biyu kuma kada ka haɗa su da wannan. Wanda ya tashi da safe baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, jijiyar fuska ce, ba ƙashi ba. In hannu ko ƙafa sun yi nauyi tare da haka, a ruga da shi gidan likita. Babban mutum da ciwo ya taso ma daga ƙirji ya hau wuya da haɓa, yana gumi, wannan zuciya ce ke kira.

Tela dai ya gama ɗinkin Sallarsa, kai ɗaure da rawani daga haɓa zuwa tsakar ka, yadda dattijon ya umurta, yana shan koko mako biyu. Dattijon ya gaya mashi gaɓar da ta taɓa fita ta san hanya. Har yanzu in ka bi ta shagonsa da dare za ka ga hamma ta zo mashi, ya saki keke, ya dunƙule hannu ya tokare haɓa, sai ta wuce ya ci gaba da ɗinki.